Wa ke biyan bashin dakusasshiyar wuƙa?

A jajibirin Sallar Layya, duk unguwar da mutum ya ratsa a Ɗan Isa zai ji ƙarar ƙarfe a kan dutse. Magidanta sun fito da wuƙaƙen da suka kwana shekara a rataye, wasu suna gogawa a bakin daɓen siminti, wasu sun aiki yara wajen maƙeri, wasu kuma sun sayo sababbi daga cikin kayan da ke bin hanyar Maraɗi zuwa Jibiya da Katsina. A wannan rana babu mai gardama cewa kaifi abu ne da ake nema, har ma ana jin kunyar a ga mutum ya durƙusa gaban ragonsa da wuƙar da ba ta ci. Kashegarin fiɗa sai a wanke wuƙaƙen a mayar da su inda suke. Amma akwai wata wuƙar da ba ta hutawa, wadda ke yanka kuɓewa da albasa da kabewa safe da yamma, ita kuwa ba kasafai namiji yake sanin halin da bakinta yake ciki ba. Daga wannan ɗan bambanci ne tambaya take tasowa, tambayar da ta shafi ɗabi'a fiye da yadda ta shafi ƙira: idan an bar abu ya dakushe, wane ne yake ɗaukar nauyin sakacin?

Kafin a amsa, ya kamata a fahimci abin da ake kira kaifi. Bakin wuƙa wuri ne inda fuskoki biyu na ƙarfe suka haɗu. In haɗuwar ta yi siriri ƙwarai, duk ƙarfin hannu yakan taru a kan layi ɗaya wanda ido ba ya iya gani, sai abin da ake yanka ya rabu ba tare da an danne shi ba. Da amfani ya yi amfani, wannan layi yakan lanƙwashe, ya murje, ya zama kamar ƙaramin tudu. Daga nan wuƙa ta daina rabawa, ta koma murƙushewa. Mai aiki da ita dole ya ƙara ƙarfi, kuma ƙarin ƙarfin nan shi ne mafarin rauni, domin wuƙar da aka danna da ƙarfi a kan fatar albasa mai santsi takan zame, in ta zame kuwa ba ta da wurin sauka sai yatsa. Mahauta da masu dafa abinci a ko'ina cikin duniya sun yi ittifaki a kan haka. Har hawayen albasa yana da alaƙa da wannan: a shekarar 2025 masu bincike a Jami'ar Cornell ta Amurka sun nuna da hotuna cewa dakusasshen baki yana matse albasa kafin ya huda ta, saboda haka yakan fesa ɗigon ruwanta mai yaji zuwa sama fiye da yadda mai kaifi yake yi. Wato mai yanka albasar Galmi da wuƙar da aka yi watsi da ita, wani kaso na kukanta ba laifin albasar ba ne.

Duk da haka zuciya takan karkata ga ɗaukar dakushewa a matsayin aminci. Harshen kansa yana nuna wannan tsoro. In aka ce wane yana wasa wuƙa, ba a nufin zai shiga madafa, ana nufin ya ƙulla mugunta. In aka ce wuƙa da nama suna hannun wane, ana nufin sai yadda ya ga dama. Amma kuma Bahaushen nan da ke tsoron kaifi shi ne yake yaba yaro da kaifin basira, yake kiran mai magana ɗaya kaifi ɗaya, yake kiran kacici-kacici wasa ƙwaƙwalwa, yake kuma cewa wuƙar fiɗar giwa ba girma ake nema gare ta ba, kaifi ake nema. Ke nan al'ada ta san fuskokin abin guda biyu, sai dai ba ta cika tsayawa ta auna wace ce ta fi nauyi ba.

Shari'a kuwa ta auna. A cikin hadisin da Muslim ya ruwaito daga Shaddadu ɗan Ausu, wanda shi ne na 17 a cikin Arba'una ta Imam Nawawi da almajirai ke haddacewa tun suna ƙanana, an haɗa umarnin wasa wuƙa da umarnin hutar da dabbar da za a yanka, an kuma sa su duka a ƙarƙashin kyautatawa. Muslim ya kuma ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Nana A'isha ta wasa wuƙa a kan dutse kafin ya yanka ragon layyarsa. Malaman fiƙihu sun ƙara da cewa abin ƙi ne a yi washin a gaban dabbar tana kallo. Abin lura a nan shi ne wanda aka yi dokar dominsa. Ba domin sauƙin mai yanka aka yi ta ba, ko da yake shi ma yana amfana. An yi ta ne domin wanda ke kwance a ɗaure, wanda ba shi da bakin kai ƙara. Mutumin da ya ji ƙyuyar zama minti goma a gaban dutse bai kawar da wahalar minti goman nan daga duniya ba. Ya dai ɗauke ta daga kansa ya ɗora a wuyan rago.

Wannan ita ce siffar sakaci a duk inda yake: wahala ba ta ɓacewa, sauka take yi zuwa ga wanda ya fi rauni. A kasuwa ba a ganin haka sosai, domin masu sana'a suna biyan bashinsu da kansu. Mai kilishi da zai shimfiɗe tsoka ta zama kamar takarda ya san in bakin wuƙarsa ya mutu, naman zai yage, ribarsa ta tafi. Wanzami ba ya kusantar kan jariri ranar suna da askar da bai gwada ba. Dukawa da majema haka. A wajen waɗannan, mai wasawa da mai yankawa mutum ɗaya ne, shi ya sa kayansu kullum a shirye suke. A cikin gida ne aikin ya rabu biyu. Wanda ke sayen wuƙa daban, wadda ke aiki da ita daban. In ta dakushe, matar gida takan goga ta a gindin tukunya, ko a gefen dutsen niƙa in har yana nan, ko ta haɗa wuƙa biyu ta karta su da juna, ta sami kaifin da zai kai ta ƙarshen miyar yau. Ba ta kai ƙara, domin abin ya yi ƙanƙanta da a yi maganarsa. Amma ƙaramin abu da ake maimaitawa sau biyu a yini, shekara da shekaru, ya daina zama ƙarami. Tabon da ke yatsun mata da ƴan mata masu taya su aiki shaida ne da kowa ke gani, ba mai karantawa.

Ba rashin dutse ne ya kawo haka ba. Ɗan Isa na cikin yankin kudancin Maraɗi inda tsohon dutsen ƙarƙashin ƙasa yake leƙowa fili kusa da iyaka, saɓanin ƙasar jigawa ta arewa inda sai a yi tafiya mai nisa ba a ga abin da ya fi tsakuwa ba. Dutsen nan ne ma ya jawo dubban masu neman zinariya zuwa yankin a shekarar 2021. Kakanni sun san mawashi, sun san a zuba masa ruwa kafin a ɗora ƙarfe, kuma maƙeran da a yau suke ƙera wuƙa daga faffaɗan ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin mota sun gaji wannan sani, ko da yake magagari da injin washi sun karɓe mafi yawan aikin. Abin da ya yi ƙaranci shi ne zama.

A nan ne ya dace a dubi mutanen da suka mayar da zaman nan ilimi mai zaman kansa, wato Japanawa. Tun ƙarnoni masu yawa ake haƙo duwatsun washi masu laushin gaske a tsaunukan da ke kewaye da birnin Kiyoto, domin takubba da kayan sassaƙa. Bayan da gwamnati ta hana yawo da takobi a shekarar 1876, ƙwarewar maƙeran takubba da masu wasa su ta ƙara komawa ga wuƙaƙen madafa. A yau yawancin duwatsun da ake sayarwa na masana'anta ne, kuma kowane yana ɗauke da lamba mai nuna laushin ƙwayoyinsa. Mai lamba 220 zuwa 400 kaushi gare shi, aikinsa cire giɓi da sake tsara baki. Mai lamba 1000 shi ne na tsakiya, shi ke samar da kaifin. Daga 3000 zuwa 8000 kuma na gogewa ne, ƙwayoyin na ƙarshen ba su fi ƴan kaso kaɗan cikin ɗari na kaurin gashin kai ba, kuma yakan bar bakin wuƙa yana sheƙi kamar madubi. Akwai irinsu a wasu ƙasashe, kamar rawayan dutsen tsaunukan Arden na Beljiyam da wanzaman Turai suka daɗe suna so, da dutsen Arkansas na Amurka da ake zuba wa mai a maimakon ruwa.

Yadda ake aiki da dutsen ruwa yana da ban sha'awa. Da yawansu sai an jiƙa su har kumfar iska ta daina fitowa. Sai a kwantar da wuƙa, a ɗaga bayanta kaɗan, kimanin digiri 15 zuwa 20, a riƙa turawa ana jawowa ba tare da hannu ya canza wannan karkata ba. Ba da jimawa ba wani baƙin kunu zai taru a kan dutsen. Baƙo yakan so ya wanke shi, gwani kuwa yakan bar shi, domin a cikinsa aikin yake: garin ƙarfe ne da garin dutse a gauraye. Sirrin dutsen ruwa shi ne rauninsa. Abin da ya ɗaure ƙwayoyinsa ba shi da tauri, saboda haka da zarar ƙwayar sama ta gaji sai ta saki, sabuwa mai kaifi ta fito daga ƙasanta. Dutsen da ya ƙi sakin jikinsa yakan toshe, ya yi santsi, ya daina ci. Wato washi ragi ne daga ɓangarori biyu. Ba a ƙara wa wuƙa komai. Ana cire mata abin da ya tare bakinta, kuma dutsen yana biyan kuɗin da jikinsa.

Akwai kuma alamar da ke hana mai washi yaudarar kansa. In ya goga fuska ɗaya har ya kai ainihin bakin, wani siririn leɓen ƙarfe yakan lanƙwaso ta ɗaya fuskar, wanda ake ji da ɗan yatsa ko da ido bai gan shi ba. In wannan leɓe bai fito ba tun daga ƙota har tsini, to ba a kai ga baki ba tukuna, komai daɗewar da aka yi. Wanda ya yi gaggawa ya tsallake zuwa dutse mai laushi zai sami wuƙa mai ƙyalli, kyakkyawa a ido, wadda ba ta yanka tumatir. Dutse mai lamba 8000 ba ya iya aikin mai lamba 400, ko da za a kwana a kansa. Ya kuma kamata a faɗi gaskiyar da masu tallar waɗannan duwatsu ba su cika faɗi ba: ba kowace wuƙa ce ke bukatarsu ba. An yi su ne domin ƙarfe mai tsananin tauri da kuma aiki irin na yanka ɗanyen kifi, inda ake son fuskar yankan ta fito sumul. Farar wuƙar kasuwa mai taushin ƙarfe ba ta riƙe irin wannan baki, yanka kaɗan ya kwanta. Mahauta da yawa ma sun fi son bakin da ya rage ɗan kaushi, domin ya fi kama jijiya da fata. Madafar Ɗan Isa ba ta jiran dutse daga Kiyoto. Dutse matsakaici, da ruwa cikin ƙoƙo, da rubu'in sa'a a mako sun ishe ta. Abin ɗauka daga Japanawa shi ne tsarin da kuma girmama aikin, ba kayan ba.

Malaman makaranta ba za su rasa ganin kansu a cikin wannan bayani ba, kuma kwatancin tsoho ne. Horas, mawaƙin Rumawa da ya rasu shekara 8 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kamanta kansa da dutsen washi a lokacin da yake koyar da masu son rubuta waƙa, bisa hujjar cewa dutsen ba ya yanka komai amma shi ke sa ƙarfe ya yi yanka. Abin da ya fi muhimmanci ga mai koyarwa a yau shi ne maganar jeri. Yaron da aka sa ya haddace jimlolin Faransanci masu daɗin ji alhali bai iya haɗa baƙi da wasali ya gane abin da ya karanta ba, an ɗora shi ne a kan dutsen gogewa tun bakinsa na da giɓi. Zai yi sheƙi ranar da baƙi suka zo duba makaranta. Ranar da aka miƙa masa takardar asibiti ko ta awon gona ya karanta wa mahaifinsa, a nan ake gane ko an taɓa kaiwa ga baki. Nijar ta fara gwada koyarwa da harsunan gida tun 1973, dokar ilimi ta 1998 ta ba su gurbi, kuma kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Takardu sun yi nasu. Amma aikin dutse mai kaushi, wato zama da yaro har ya iya karatu da lissafi cikin harshen da yake tunani da shi, aiki ne marar ƙyalli, ba ya jawo tafi, shi ya sa ake yawan tsallake shi. Malamin da ya wuce da ɗalibi aji na gaba domin kada a ce ya cika tsanani yana jin ya yi tausayi. Bashin yana nan, yaron ne zai biya shi bayan shekara goma, a lokacin da malamin ya manta sunansa.

Sai dai akwai ƙorafi biyu da ba za a kau da kai daga gare su ba. Na farko shi ne cewa kaifi ba ya zaɓen abin da zai yanka. Mutanen Madarumfa da Gabi da Ɗan Isa, waɗanda suka sha fama da masu satar shanu da masu garkuwa da mutane a bakin iyaka cikin shekarun da suka biyo bayan 2017, ba sa bukatar a tuna musu cewa ƙarfe yana da wata fuska. Haka ma ilimi: wanda ya fi iya lissafi shi ya fi iya cin amanar asusu. Shin mai washi yana da alhaki a kan abin da aka yi da wuƙar? Yana da shi gwargwadon abin da ya sani. Maƙerin da ya ga alamar sharri a fuskar mai kawo aiki ya kuma karɓa, ya shiga cikin laifin. Amma ba a magance wannan da barin wuƙaƙen gari duka su dakushe, domin mugu ba ya jiran kowa, shi kullum tasa a wase take, kuma dakusasshen ƙarfe ma yana kisa. Waɗanda za su rasa su ne mai miya da rago. Abin da Bahaushe ya tanada domin wannan matsala shi ne kube: wuƙa mai kaifi tana da gida, tana da lokacin fita, ba a barin ta inda yaro zai kai hannu. Tarbiyya ita ce kuben ilimi, kuma baduku da maƙeri ba su taɓa ɗaukar junansu kishiyoyi ba.

Ƙorafi na biyu ya fi zurfi, domin ya fito daga cikin washin kansa. Tun da ragi ne, duk zama a kan dutse yana rage kwanan wuƙa. Kowa ya taɓa ganin tsohuwar wuƙar mahauci da ta koma siririya kamar tsinke. Injin washi mai gudu, irin wanda ke feshin tartsatsi a bakin kasuwa, yana gama aiki cikin minti ɗaya, amma yana cin ƙarfe da yawa, kuma in bakin ya yi zafi har launinsa ya juya, taurin da maƙeri ya ba shi ya tafi, daga nan ba zai ƙara riƙe kaifi kamar da ba. Amfanin ruwa ke nan da jinkirin hannu: suna hana ƙonewa. Mai bulala da tsawa yana kama da injin nan, sakamakonsa na fitowa da wuri, ɓarnarsa sai daga baya. Kwatancin ma a nan yake tsayawa, domin yaro ba ƙarfe ba ne, yana ji, yana tunawa, kuma abin da aka kankare masa da zalunci ba ya dawowa. A wani tsohon littafin hikima na Sin da ake dangantawa ga Cuwan-dzi, an ba da labarin wani mahauci da wuƙarsa ta shekara 19 tana aiki kamar yau aka ɗauke ta daga dutse, saboda ya san gaɓoɓin sa, ba ya sara ƙashi. Rabin kula da kaifi yana ga yadda ake amfani da shi. Wadda ke yanka a kan faranti na ƙarfe ko ta sare ƙashi da wuƙar albasa tana rushe aikin dutse a yini ɗaya.

Saura dutsen. Tun da jikinsa yake bayarwa, kuma tsakiyarsa aka fi bi, a hankali yakan lotsa ya yi kwari. Dutsen da ya lotsa ba ya daina aiki, abin da ya fi haka muni yake yi: yana ci gaba da wasawa, amma kowace wuƙa da ta bi ta kansa takan fito da karkataccen baki, mai washi kuma yana ɗora laifin a kan ƙarfe. Shekaru da dama yawancin masu koyarwa a makarantun firamare na Nijar malaman kwantaragi ne, da yawansu an tura su aji da ɗan gajeren horo, ga albashi kaɗan da ba kullum yake zuwa a kan kari ba. A shekarar 2017 hukuma ta yi musu jarrabawa, aka sallami wasu, aka tura wasu ƙarin horo. Auna dutse daidai ne, sai dai awo ba ya cike kwari. Masu dutsen ruwa ba sa jefar da shi don ya lotsa, ba sa kuma jira sai ya lalace. Sukan zana layuka da fensir a fuskarsa, su jiƙa shi, su goga shi a kan wani dutsen da ya fi shi tauri da daidaito har layukan su goge baki ɗaya, kuma masu yawan aiki a cikinsu kusan duk zama sai sun yi haka kafin su ɗora wuƙa ta farko.